Ajiyar Kashi na Shida

Madain Fahd, Jidda
9 ga Afrilu, 2008

Zuwa ga Yaya Lado,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Zubaidatu da yara da jikoki. Yaya kunnen? Sau biyu ina kiran wayar 'yarka Rabi'atu, ta ce ko an kanga maka a kunne ba ka jin komai, sai dai ka yi ta cewa madalla. Shi ya sa na koma biro da takarda. Hajiya Rabi'a da ta zo umra ce za ta kawo maka.

Mu nan lafiya, ban da abokinka. Alhaji ya faɗi a shagonsa na Waziriyya cikin watan Fabrairu, yana tsakiyar gyaran wata talabijin. Jalɗa ce in ji mutanen nan, wato shanyewar ɓarin jiki. Ya yi mako uku a asibiti, yanzu yana gida. Ɓarin dama ba ya motsi. Yana ci idan an ba shi. Kafilinsa Hamad, Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar nan, ya yi mana kirki, ya sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ba ƙorafi.

Ba ya gane ni. In na shigo da abinci sai ya ce "shukran, sista", kamar yadda yake ce wa ma'aikatan asibiti. Bana shekararmu talatin da takwas da aure. Mata suna zuwa dubiya suna kuka, ni ina zuba musu shayi. Ina duba zuciyata ban samun komai, ba baƙin ciki, ba tsoro. Ina juya shi, ina wanke shi, in yi salla, in kwanta.

Ga dalilin wasiƙar. Ka tuna shirin nan na Ingila da yake sawa lokacin yana aiki a gidan talabijin, na tsohon nan mai yawo tsakanin taurari da zamunna, wanda yaran Tudun Wada ke kira Baba Na-sama? Ashe har yau ana yin sa. Sun dawo da shi mai kala, tsohon ma sun sake shi da wani saurayi mai surutu, wai dai shi ne. 'Yarmu Lubabatu ba ta wasa da shi, duk girmanta. Wata rana da la'asar tana kallo a falo, kiɗan farkon shirin ya tashi, sai ta ƙwala mini kira: "Mama, ta'ali, shufi Baba!" Wato in zo in ga babanta. Na zo na tarar ya ɗago kai da kansa, idonsa a kan talabijin, yatsun hannun hagu suna motsi kamar mai zura wani abu a inji.

Tun daga ranar, duk sanda aka gama shirin, kalma uku yake maimaitawa: Lado, gwangwani, na shida. Likita ya ce duk abin da ya riƙe mu ma mu riƙe shi.

Ban san wane gwangwani ba ne. Idan akwai wani abu nasa a wurinka ka faɗa mini. Idan babu ka ce babu, shekarun da yawa, ba zan yi mamaki ba.

Ƙanwarka,
Zaituna

Tudun Wada, Kaduna
14 ga Mayu, 2008

Zuwa ga Zaituna,

Wa'alaikumus salam. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Lubabatu. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Zubaidatu da ke damunta in hadari ya haɗu. Kunne kuwa ya tafi, kuma ban yi asara sosai ba, yawancin abin da ake faɗa a gidan nan ba ya buƙatar a ji shi.

Labarin Hussaini ya kwantar da ni kwana biyu. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Amma ke, wace irin wasiƙa ce wannan? Na karanta sau uku, kamar takardar sallama daga asibiti. Yarinyar da na sani, wadda ta yi kuka yini guda don kakarki Inno ta yanka mata zakara, ita ce ke ba ni labarin mijinta haka? Ko zaman Jidda ne ya busar da ke?

Sai maganar ƙarshe da kika rubuta. Ba za ki yi mamaki ba idan babu. Wato a ganinki Lado zai iya cin amana, har kin riga kin yafe masa. Ko da yake ni abokin wasanki ne, kakana da kakarki ciki ɗaya, wannan ba wasa ba ne, kuma ya yi mini zafi. Ni na kai Hussaini gidanku. Mutumin da na ba ƙanwata zan ci wa ajiya?

Gwangwani yana nan. Faffaɗa ne kamar tire, na fim. Kin san ka'idar aikinsu a lokacin: in an gama nuna fim, masu shi a Ingila sukan ce ko a tura wata ƙasa ko a ƙona, kuma Hussaini ne mai ƙonawa a bayan ofis. Akwai wani labari mai kashi shida da aka nuna a 1976. Biyar ɗin farko ya kalla tare da ɗanku Hadi, don a ranakun yakan zura fim a inji ya bar wa abokin aikinsa, ya sheƙo gida a keke. Na shida ya faɗo ranar Alhamis ɗin da muka binne yaron. Bai gani ba. Da aka ce a ƙone, ya ƙone biyar, ya kasa ƙona wannan. Da za ku tashi zuwa Jidda ya kawo mini, ya liƙe bakin da salatif, ya ce, "Kada ka buɗe, kada ka ba kowa, ni zan karɓa da kaina."

To kin ji inda matsalar take. Bai ce in ba matarsa ba. Na tambayi limaminmu ba tare da na kama suna ba, ya ce ajiya mai ita ake mayar wa, ko wanda ya wakilta. Ki samo mini wata alama daga gare shi, ko yaya take, in sallami kayan. Kada ki ce na cika taurin kai, da taurin kan ya kai shekara talatin da ɗaya a hannuna.

Ki shafa mini kansa, ki ce Lado na gaishe shi.

Yayanki,
Lado

Madain Fahd, Jidda
22 ga Yuni, 2008

Yaya Lado,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, ina yi wa Yaya Zubaidatu sannu da ƙafa. Wasiƙarka ta yi mako uku a jakar wanda ka ba, sai da ya je Madina ya dawo ya tuna da ita.

Ban zarge ka ba. Abin da na rubuta shi nake nufi: ba zan yi mamaki ba, domin yanzu ba na mamakin komai. Da za a ce mini gidan nan ya kama da wuta, mayafina zan nema tukuna. Ka ce na bushe, ban musa ba.

Jikin Alhaji yana ja baya. Ya fara ƙwarewa in yana shan ruwa, abinci sai mai ruwa-ruwa. Wani sa'in yini guda ba ya cewa uffan sai ranar shirin. Lubabatu ta samo tsofaffin na baƙi da fari a faifai, tana sa masa bayan la'asar. Su biyu suke zama, tana yi masa bayani da Larabci, yana kallon allo. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da kwano a hannu. Na tambaye ta me take gani a abin nan, dodanni na roba da bango na kwali. Ta ce, "Ma adri, Mama. Shi dai yana zuwa. Ko mutane sun ce halas, yana zuwa." Hausarta ke nan, sai ka yi haƙuri: ma adri wai ba ta sani ba, halas kuwa an gama.

Ta bincika a intanet. Wai kashi na shidan nan babu shi ko a Ingila, masu shirin sun goge nasu tun tuni, akwai tsofaffi da yara a can da ke ta neman irinsa ƙasa-ƙasa. Wato in ba wanda ke wurinka ba, babu inda za mu samo masa.

Ga alamar da ka nema. Na rubuta a takarda cewa shi Alhaji ya yarda a ba iyalinsa gwangwaninsa, na karanta masa sau biyu, Lubabatu ta dangwala babban yatsansa na hagu a tawada. Ban ce maka ya fahimta ba. Amma da na ambaci sunanka ya juyo. Ka nuna wa limamin naku.

Bari in faɗa maka abin da nake so, tunda kana ganin ba na son komai. Ina so ya dube ni sau ɗaya ya san ni ce, kafin Allah ya yi ikonsa. Ba na neman ya tashi ya yi tafiya. Ina ganin in ya ga abin nan da ya maƙale masa, wataƙila ya waiwayo ya ga wadda ke tsaye a gefe. Kada ka ɓata mini lokaci, Yaya, ba mu da shi.

Zaituna

Tudun Wada, Kaduna
19 ga Agusta, 2008

Zaituna,

Salamu alaikum, da fatan mai jiki ya samu sauƙi. Mu nan damina ta yi kyau, har ɗakin baya ya fara yoyo.

Na karɓi takardar. Ban kai wa liman ba. Yatsan Hussaini ne, ga tabon ƙunar nan a tsakiya, na ƙarfen lika waya. Ki yafe mini, na karanta wasiƙarki ta farko da fushi a ido.

Jinkirin ba nawa ba ne. Mutum biyu sun ƙi ɗauka, wai ba za su shiga filin jirgin Jidda da gwangwani a liƙe ba su san abin da ke ciki ba. Hajiya Rabi'a ce ta yarda, za ta koma umrar azumi, ta ce za ta sa shi a tsakiyar garin kunu da kuka.

Za ki ga yadda na adana shi. Leda uku na sa, na ɗinke a cikin fata, na sa a ƙasan adakar ƙarfe, adakar kuma tana can saman rumbu dab da kwano inda yara da ɓeraye ba sa kaiwa. Ko iska ban bari ta taɓa shi ba. Ban taɓa buɗewa ba, Allah shaida.

Jikokina ma suna kallon sabon. Nakan zauna da su, ba na jin ko kalma, amma ina gane lokacin da zai yi dabararsa, don sai ya fara zagaya ɗaki yana wasa da hannu kamar dillali. Mutum ba bindiga, ba dakaru, sai baki. Ina jin shi ya sa talaka ke son sa. Nakan tuna Hadi a kan cinyar ubansa, uban yana juya masa Turancin da Hausa, rabi fassara rabi ƙarya. Yaron ya ɗauka ubansa ne ke aiko shirin zuwa gidanku kaɗai, sauran mutanen gari leƙe suke yi.

Allah ya sa a dace. Ki rubuto da zarar ya gani.

Lado

Madain Fahd, Jidda
27 ga Satumba, 2008

Yaya Lado,

Assalamu alaikum. Ya ibada? Allah ya karɓa mana. Ina rubutawa da sauri, Hajiya Rabi'a gobe za ta tashi, kuma daga ita an rufe umra sai alhazai.

Saƙo ya iso. Akwai wani tsoho mai ɗaukar hoto a Aziziyya, Abdulghani, yana da majigi tun zamanin da ake nuna fim a farfajiyar gidaje a garin nan. Muka kai masa ni da Lubabatu. Ya yanke fatar, ya cire ledojin, yana ɓare salatif wari ya cika shagon, kamar an fasa kwalbar khal, ruwan tsamin nan na mutanen nan. Fim ɗin ya narke ya haɗe wuri ɗaya, ya zama kamar ƙanzo. Ya gwada jan bakinsa da hantsaki, ya gutsure. Ya ce fim yana son sanyi, yana son a riƙa buɗe shi yana shan iska; zafi da rufewa su ke cinye shi. Ya tambaya wa ya ɗaure shi haka. Na ce wani mai amana ne.

Kada ka sa wa ranka damuwa. Abin da aka ce ka yi shi ka yi. Lubabatu ta yi kuka a mota har gida. Ni ina kallon shaguna.

Na ɗora masa gwangwanin a cinya. Ya shafa murfin, ya daɗe yana shafawa, sannan ya dube ni ya ce, "Sista, na shida." Yana nufin in sa masa.

Yanzu zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. In ka karanta ka ƙona takardar.

Ni na ga kashi na shida.

Ranar da aka kai yaron, ka san ɗan fari ne, ba a so a ga hawayena. Ko sunansa ban taɓa kira ba yana da rai, balle in yi masa kuka a gaban surukai. Kwana takwas ina jinyar ƙyanda, aka ɗauke shi da hantsi, na zauna a cikin mata ina amsa gaisuwa kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Wajen magariba uwar Alhaji ta ga idona ya fara ja, ta ce in je gidan ma'aikacin jirgin ƙasan nan na bayanmu in wanke fuska in huta. Na shiga na tarar yaransu sun kunna talabijin ƙasa-ƙasa. Uwarsu ta zabura za ta kashe. Na ce ta bari.

A kashi na biyar an bar yarinyar nan abokiyar tafiyar tsohon a kulle a wani ɗaki a ƙarƙashin ƙanƙara, iska tana ƙare mata, ta dafa gilashin ƙofa. Duk kwanakin zazzaɓin yaron yana tambaya ko za ta fito. Na zauna a tabarmar mutane na kalla daga farko har ƙarshe. Tsohon bai fasa ƙofar ba. Zama ya yi a wajen yana yi mata hira don ta rage haki, yana kuma zolayar mai gadin, wani mutum-mutumin ƙarfe, har ya ruɗa shi ya buɗe da kansa. Ta fito. Kuma na ji daɗi, Yaya. Na yi murmushi. Ɗana bai yi yini guda a ƙasa ba, ni ina murna an buɗe wa Baturiya ƙofa. Har gyaɗa aka miƙo mini na ci.

Na daɗe ina tunanin abin da ya zaunar da ni. Shirin nan kowane mako sai ya bar mutum a bakin mutuwa ya ce a dawo mako mai zuwa, kuma in an dawo ana samun sa da rai. Ina jin abin da na je nema ke nan. Amma wannan ba hujja ba ce ga uwa.

Wato duk duniya wataƙila ni kaɗai zan iya ba shi abin da yake nema, kuma in zan ba shi sai na faɗi inda na samo. Idan ya gane ni a kan wannan fa? Shi yana waje a kan tabarmar makoki, ni ina kallo. Ka san shi kafin in san shi. Ka faɗa mini, in gaya masa ko in yi shiru. Zan jira amsarka.

Zaituna

Madain Fahd, Jidda
3 ga Nuwamba, 2008

Yaya Lado,

Assalamu alaikum. Na san Rabi'atu ta rubuta maka a takarda abin da Lubabatu ta faɗa mata a waya. Alhaji ya rasu ranar Talata da hantsi. An yi masa salla bayan azahar, an kai shi nan Jidda. Hamad da mutanen Waziriyya sun tsaya a kan komai. Ya haƙurinmu. Wannan zan ba wani direba ɗan Zariya da aka sallama daga aiki, ban san yaushe za ta same ka ba.

Na jira amsarka mako uku. Na san babu mai zuwa, amma na jira. Da na ga ya daina haɗiyar ko kunu, likita kuma ya daina haɗa ido da ni, sai na daina jira.

Bayan la'asar ne. Na ce Lubabatu ta kashe talabijin ta ba mu wuri. Na jawo kujera gabansa, na ce zan ba shi na shida da baki. Na fara daga hannun yarinyar a kan gilashi. Ban iya ba da labari kamar shi ba, amma ban tsallake komai ba, har abin da tsohon ya ce wa mai gadin. Idonsa yana kan bakina. Da na kai inda ƙofa ta buɗe ya saki numfashi. Sannan na faɗa masa inda na gani, da ranar, da gyaɗar.

Ya daɗe yana kallona. Bakinsa ya yi ta motsi kafin magana ta fito. Ya ce, "Zaituna." Ya sake cewa, "Zaituna. Ashe kin kalla."

Sai ya rufe ido, hawaye yana bin gefen da ya shanye. Daga nan bai ƙara magana ba, bai ƙara neman gwangwani ba, ko an sa shirin ba ya ɗago kai. Kwana tara ya yi a haka.

To na samu abin da na roƙa. Ya gane ni, ya kira sunana, kuma abin da ya tafi da shi game da ni ke nan. Da na yi shiru da ya tafi yana ce mini sista, yana gode mini. Ban san wanne ya fi ba. Ina cikin takaba, mata suna zuwa, suna yaba haƙurina. Har yanzu ban yi kuka ba.

Ka roƙa masa gafara. In da hali ni ma ka roƙa mini.

Zaituna

Tudun Wada, Kaduna
20 ga Nuwamba, 2008

Zaituna ƙanwata,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Hussaini, ya haskaka kabarinsa, ya ba ki haƙuri ke da Lubabatu. Mun yi masa addu'a a masallacin unguwa, tsofaffin abokan aikinsa uku sun zo.

Wasiƙunki biyu suna gabana. Ta watan azumi na amsa ta a ranar da ta zo, amsar ta kwana arba'in a aljihuna babu mai tafiya. Na yi tunanin in sa Rabi'atu ta karanta miki a waya, na ga sirrinki ne da nasa, bai kamata ya bi ta bakin yara ba. Na sake yin abin da na yi wa gwangwani. Wannan karon ba zan ce ki yafe ba, don ban yafe wa kaina ba. Jirgin farko na alhazai zai tashi jibi, ga abin da na rubuta.

Hussaini ba ya kan tabarmar makoki a lokacin da kike faɗa. Ana kiran magariba ya ja hannun rigata ya ce in kai shi wurin aiki. Na ce ka haukace? Ya ce in kai shi ko ya tafi a ƙasa. Na goya shi a basfa ta bayan layi don kada a gan mu. Mun tarar Na'ibi, wanda aka sa ya riƙe masa aiki, ya ɗauko gwangwanin. Hussaini ya karɓe, ya zura fim ɗin da hannunsa, ya tayar da inji a kan lokaci. Sannan ya zauna a ƙasa ya juya wa allon baya, ya toshe kunnuwansa har aka gama. Ni ina tsaye a kansa, ban kalla ba ni ma.

A hanyar dawowa ya sa na tsaya a bakin gada. Ya ce yaron ya tambaye shi ko yarinyar za ta fito, shi kuma ya ce masa ya bari ran Alhamis zai aiko masa har gida. Ya ce, "Na cika alkawari, Lado. Na aika. Amma gidana babu wanda ya karɓa."

Ya rantsar da ni kada ki ji, don kunyar a ce ya bar makokin ɗansa ya tafi sa wa mutane wasa. Tsoron da kike ji nasa, shi yake ji naki.

Ban kasance a ɗakin ba ranar da kika gaya masa, ban ji muryarsa ba, ko ina nan ma ba zan ji ba. Amma na san mutumin shekara hamsin. Ba zargin ki ya yi ba, Zaituna. Abin da ya aika ne ya ji an karɓa.

Yayanki,
Lado

Madain Fahd, Jidda
15 ga Disamba, 2008

Yaya Lado,

Assalamu alaikum. An yi salla lafiya? Mu nan muna nan. Alhazai sun fara komawa, zan ba maƙwabcinka wannan.

A tsaye na karanta wasiƙarka a kicin, shinkafa tana kan wuta har ta kama. Lubabatu ta shigo tana tambaya esh fi, wato me ya faru.

Shekara talatin da biyu tun daga ranar muna kwana ɗaki ɗaya. Mun yi magana a kan haya, da iƙama, da makarantar yarinya, da gishirin miya. Da ɗayanmu ya buɗe baki sau ɗaya, ko a kan hanyar Makka, ko a wani yammaci da ba abin yi, da mun yi kukan yaron nan tare tun muna da ƙarfi.

Ka ce ba zargina ya yi ba. Na yarda. Amma ba sanyi na ji ba, Yaya, haushi na ji. Haushinsa, da naka, da na uwarsa, da nawa. Jiya na shiga ɗakinsa na rufe ƙofa na yi masa faɗa da ƙarfi, irin wanda ban taɓa yi masa ba yana da rai, har murya ta dushe, har kuka ya zo. Shi ne abu na farko da na ji tun watan Fabrairu. Kada ka rubuto kana ba ni haƙuri tukuna, ka bar ni da shi kwana biyu.

Ƙanwarka,
Zaituna